Jan Ƙyallen da Hikma Ta Ɗinka

A tagar karɓar magani Hikma ta fara ganinsa, kuma ganin farko bai yi mata daɗi ba ko kaɗan. Tun hantsi take tsaye a layi a ƙaramin asibitin gwamnati da ke bakin unguwar Zongo a Kumasi, mahaifiyarta Hajiya Habsa na zaune a benci tana firfita da mayafi, don an ɗauke wuta. Da layi ya zo kanta, wani dogon nas mai ramammiyar fuska ya leƙo ya ce maganin ciwon sukari ya ƙare, sai dai ta je kemis.

Hikma ba ta iya haɗiye magana ba, haka Allah ya yi ta. Ta tambaye shi ko su ma'aikatan ne ke shanye maganin da shayi, tunda kullum aka zo amsar ɗaya ce.

Bai ji haushi ba. Fitowa ya yi ya durƙusa gaban Hajiya, ya zaro safar hannu daga aljihunsa, wadda da kuɗinsa ya saya, ya gwada mata jini.

“Mma, duk maganin da za ki sha, kar ki sha shi da yunwa. Ki fara cin wani abu, ko da koko ne.”

Hajiya ta sa masa albarka. Ya ce sunansa Sha'aban, ya kuma nemi lambar waya don ya riƙa jin jikin Mma. Hikma ta ba shi tana harararsa. Ita ma ta san ba jikin Mma kaɗai yake son ji ba.

Da yamma saƙo ya shigo.

“Salamu alaikum. Nas Sha'aban ne, wanda ke shanye magani da shayi. Mma ta ci abinci? Ke kuma kin huce?”

“Ta ci. Ni ban huce ba.”

“Allah ya huci zuciyarki. Gobe zan sake tambaya.”

Ya sake tambaya, jibi ma ya sake. Kafin damina ta kankama ya zama Likitana a wayarta, duk da ya sha gaya mata shi nas ne, ita kuma ta zama Sanyin Raina. In ya tashi aiki sai ya biyo ta shagon ɗinkinta a Ashanti New Town, ya zauna a kan buhun yankakkun yadi yana kallon ƙafarta a kan keke, yana ba ta labarin asibiti. Labarin ba mai daɗi ba ne. Darajar sidi, kuɗin ƙasar, na faɗuwa, kuɗin motar haya ta torotoro na hawa, albashi na nan inda yake. Auduga ta ƙare, ruwan ƙari ya ƙare, motar ɗaukar marasa lafiya ta kwanta ba mai gyara. Abokan aikinsa kuwa ɗaya bayan ɗaya suna tattara takardu suna barin ƙasar.

Sha'aban shi ne sakataren ƙungiyar ma'aikatan jinya a asibitin. Ranar da ƙungiya ta yanke cewa kowa zai ɗaura jan ƙyalle a damtse yana aiki, in gwamnati ba ta saurara ba a tafi yajin aiki, Hikma ya roƙa ta yanka musu. Ta yanka, nasa kuma ta kalmashe masa baki ta yi masa ɗinki biyu. Amma tana ɗinkin gabanta na faɗuwa. A Kumasi, in Ba'asante ya kawo mata jan yadi, ta san an yi masa mutuwa ne.

“Likitana, ba na son launin nan a jikinka.”

“Ba zai daɗe ba, Sanyin Raina. Da sun ji kukanmu zan cire in maido miki.”

A gida kuwa mahaifinta Alhaji Issaka, Bazabarme mai sana'ar albasa, ya riga ya sa ido a kan wani. Abdul-Kudus ne, mai sayar da kayan gyaran mota a Suame Magazine, yaro mai ladabi, mai mota, wanda ba ya jiran ƙarshen wata. Da ƙyar Hajiya ta shawo kan Alhaji ya yarda Sha'aban ya zo gaisuwa wata Laraba bayan La'asar.

Ana gobe zai zo sukarin Hajiya ya hau, aka kwantar da ita a asibitin. Ranar Laraba wanda zai canji Sha'aban bai zo da wuri ba, shi kuma yana tsoron kada a ce tun farko ya saɓa alkawari. Haka ya fito da fararen kayan aiki, bai ko tuna abin da ke ɗaure a damtsensa ba.

Gidan su Hikma gidan haya ne mai ɗakuna da yawa, kuma a bakin ƙofa Maame Serwaa take, Ba'asantiya, aminiyar Hajiya tun suna amare. Tana dakan sakwara ta ɗaga kai ta ga nas daga asibitin da Hajiya ke kwance, da jan ƙyalle a hannu, fuskarsa babu walwala, yana tambayar maigida da murya ƙasa-ƙasa. Fargabar surukai ce ta ɗaure masa fuska, amma wa zai gaya wa Maame Serwaa haka? Ta yar da taɓarya ta ɗora hannu a ka ta fasa kuka tana kiran sunan Habsa.

Kafin ya buɗe baki mata sun fito daga ɗakuna suna salati. Alhaji Issaka ya fito da buta a hannu, ya ga jan ƙyallen, butar ta suɓuce, ya zauna a ƙasa. Sha'aban yana rantsuwa Mma na nan da rai, yanzu ya baro ta tana shan koko, amma muryarsa ba ta fita cikin kukan. Sai da Hikma ta kira wayar Hajiya ta sa kowa ya ji muryarta aka yi shiru.

Alhaji ya miƙe daga ƙasa. Shi mutum ne da ke cewa bai yarda da camfi ba, amma wanda aka haifa ya tsufa cikin Asante, idonsa ya riga ya koyi abin da ja ke nufi.

“Ranar farko da ka taka gidana, makokin matata ka kawo mini. In kana son 'yata, ka cire tsumman nan, ka fita daga wannan ƙungiya taku. In ba haka ba kar in sake ganinka.”

Ba a jima ba yajin aiki ya fara. Aka sallami marasa lafiya, har da Hajiya, aka sa kwaɗo a ƙofar asibiti. Zongo ta yi wani irin shiru. Mai naƙuda sai a sa ta a pragya, keken haya mai ƙafa uku, a yi ta yawo da ita daga wannan asibitin kuɗi zuwa wancan, ko'ina a cike. Sanarwar jana'iza a lasifikar masallaci ta yawaita, kuma duk wadda aka yi sai Alhaji ya dubi Hikma ya kau da kai. Abdul-Kudus ya yi abin a yaba, shi ya riƙa kawo wa Hajiya magani daga kemis, wani sabon iri mai ƙarfi, don wanda ta saba da shi ya ɓace a kasuwa.

Hikma ta kasa jurewa, ta rubuta masa.

“Likitana, don Allah ka cire. Ba kai kaɗai ne nas a Ghana ba. Baba ya fara maganar kawunnan Abdul-Kudus za su kawo goro. Ina jin tsoro, tsoron Mma da tsoron rasa ka.”

Sai can amsarsa ta shigo.

“Sanyin Raina, ni na bi abokan aikina ɗaya-ɗaya na ce su fito. Akwai masu 'ya'ya, akwai masu haya, an ce za a kore mu. In na cire na janye, da wane ido zan kalle su? Ina son ki fiye da yadda zan iya rubutawa. Amma mutumin da zai cire ba shi ne kike so ba.”

Ta karanta ta kifa wayar. A ganinta ya zaɓa, kuma ba ita ya zaɓa ba. Ya kira ba ta ɗauka ba, ya sake kira ta kashe. Ta rame, ɗinki ya daina yi mata kyau, Hajiya na lura da ita.

Abin da ba wanda ya sani shi ne Hajiya ta ɗauki maganar ta kai gaban Allah. Wata Alhamis ta tashi da asuba ta sha sabon maganin da ɗan ruwa, ta ɗauki azumin nafila a ɓoye don Allah ya warware wa 'yarta. Bayan La'asar Hikma ta shiga ɗaki ta same ta a kan darduma, gumi ya jiƙe ta, jikinta sanyi ƙalau, ana kira ba ta amsawa.

Alhaji ya kira Abdul-Kudus, ya ce ga shi nan, amma cunkoson Suame ya riƙe shi, kuma bai san asibitin da zai karɓe ta ba. Hikma ba ta nemi izinin kowa ba ta kira lambar da ta yi kwanaki tana kashewa. Sha'aban yana bakin ƙofar asibiti tare da 'yan ƙungiya. Ya tambaye ta abu biyu uku, ya ce ta kwantar da Mma a gefe ta shafa mata zuma a dasashi, kar ta ɗura mata komai.

Ya iso a pragya da leda daga kemis, ya wuce Alhaji a bakin ƙofa ba tare da ya tsaya neman iso ba. Ya gwada jinin, fuskarsa ta canza. Ya kama hannun Hajiya yana neman jijiya, jijiya ta ɓuya. Ya duba hagu da dama ba abin ɗauri. Sai ya kai hannu damtsensa ya kwance jan ƙyallen, ya ɗaura shi a hannun Hajiya ya ja da ƙarfi.

Maame Serwaa ta toshe baki da zane. Alhaji ya juya fuskarsa bango yana ambaton Allah, don abin da ya fi tsoro a duniya shi ne ya ga wannan launi a jikin matarsa.

Jijiya ta taso. Allura ta shiga, ya kwance ƙyallen, ya tura ruwan sukarin a hankali. Can sai Hajiya ta motsa yatsu, ta buɗe ido, ta dubi allurar ta dubi mutanen da suka cika mata ɗaki.

“Wa ya karya mini azumi?”

Hikma ta faɗa kanta tana kuka tana dariya. Maame Serwaa ta fita tsakar gida tana gode wa Allah da Twi, yarensu na Asante.

A ƙofar ɗaki Alhaji ya tare Sha'aban, ya ce ai ya ɗauka suna yajin aiki.

“Gwamnati muke yi wa, Baba, ba Mma ba. Ruwan nan da na sa mata, asibitinmu ya daɗe ba shi da shi. Ko ƙofa a buɗe take, kemis zan tura Hikma, Mma na kwance tana jira. Abin da ƙyallen yake faɗa ke nan.”

Alhaji ya koma cikin ɗakin. Ya sunkuya ya ɗauki ƙyallen daga kan darduma, ya dubi ɗinkin bakinsa, ya gane hannun 'yarsa.

Yajin aikin ya ƙare da alkawura, irin waɗanda ake yi a rediyo. Aka cire kwaɗo, amma amsar tagar magani ba ta canza ba. Sha'aban kuma aka canza masa wurin aiki zuwa wani ƙauye can arewa kusa da iyaka, inda ko waya sai an hau tudu. An ce tsarin aiki ne. Kowa a ƙungiya ya san me ya jawo.

Hikma ta ɗauka shi ke nan, Baba ya samu sabuwar hujja. Amma Alhaji da kansa ya je Suame ya ba Abdul-Kudus haƙuri, sannan ya aika wa kawunnan Sha'aban su kawo goro. Ya kira Hikma ya tambaye ta ko za ta iya zaman ƙauyen da ba famfo ba wuta. Ta ce kekenta da ƙafa ake tuƙa shi, ba ya buƙatar wuta.

Aka ɗaura aure a masallacin unguwa wata Lahadi da hantsi, aka ci wake da shinkafa har maƙwabtan maƙwabta, Maame Serwaa ta yi rawa cikin farin zane fes. Farin cikin gaske ne, sai dai duk wanda ya rungumi amarya sai ya saci kallon Hajiya, don kowa ya san wanda ke duba ta zai yi nisa.

A tashar motocin arewa Hajiya ta kwance bakin zanenta ta fito da jan ƙyallen, wankakke, gogagge. Ta ɗaura shi a hannun akwatin Hikma, wai don a gane shi cikin kaya. Alhaji na tsaye yana kallo, bai hana ba.

“Mma, wa zai riƙa gwada ki?” in ji Sha'aban.

“Maame Serwaa ta koya, kai ka koya mata. Ku tafi. Can ma akwai tsofaffi irina da ba su da kowa.”

Ta kama hannayensu biyu ta haɗa cikin nata, ta roƙi Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai albarka, ya tsare su a inda za su, ya sa su dawo su same ta. Alhaji ya ce amin, ya sake cewa amin da ƙarfi a kan ta ƙarshen.

Mota ta tashi. Hikma ta kwantar da kai a kafaɗar mijinta, a daidai inda ƙyallen ya saba zama, tana kallon iyayenta ta taga har kwana ta ɓoye su.