Maganin Kaji da Aka Cika da Ruwa

Can da, an yi wata mata da ke ciyar da 'ya'yanta da ƙwan kajinta. Tsutsar ciki ta kama kajin, likitan dabbobi ya auna magani, ya ce, "Na kajinki ne kaɗai."

Maƙwabciya ta leƙo ta katanga ta ce, "Yaya, sam mini." Kunya ta hana matar ta ƙi, ta raba maganin, ta cika nata da ruwa. Suruka ta aiko, ta raba, ta cika da ruwa. Haka kullum, har ƙwai ya ɗauke.

Likita ya ce, "Baiwar Allah, tsutsar ta saba da wannan." Ya auna mata wani iri.

Maƙwabciya ta leƙo. "Yaya, sam mini."

Matar ta dubi 'ya'yanta, ta ce, "Zo in raka ki wurin likita."