Falle Ɗaya, Yatsa Ɗaya

Ku matso kusa. Wanda ya san in na gama zai kasa zuwa bayan gida shi kaɗai, gara ya tashi tun yanzu, don ba mai raka shi. Ke Nafi, da kike ta rawar kai za ki shiga jami'a, labarin nan naki ne. Kowa ya yi bisimilla a ransa.

A tsohuwar unguwarmu akwai wata mata, Malama Barira. Sanƙarau ya kama ta tana 'yar shekara goma sha biyu, ya tafi da jinta gaba ɗaya. Magana dai tana yi, sai dai muryar ta karkace, kamar ta mai magana cikin barci. In kana mata zance, bakinka take kallo. Wanda ya juya mata baya kuwa, ya gama zance da ita ke nan.

Aji ɗaya gare ta a bayan wata firamare, daura da inda ake zuba shara. Yara kurame goma sha ɗaya, da maganar hannu take koya musu karatu da lissafi. Hedimastan ya daɗe yana hararar ajin, so yake ya mai da shi sito. Rannan ya rubuta mata a takarda, don ya tsani a tsaya ana kallon bakinsa, cewa in ba ta kawo shaidar ta karanci ilimin masu buƙata ta musamman kafin sabon zango ba, zai rufe ajin ya watsa yaran cikin masu ji. Kun san abin da hakan ke nufi. A jera su a bencin baya kamar kaya, har su gaji su daina zuwa.

Karatun ta riga ta yi shi a jami'a, kundin bincike kaɗai ya rage mata. To, a nan ta haɗu da Dakta Mamuda, mai duba aikinta. Mutum ne mai baƙin rai, Allah ya sani. Hannunsa na dama kullum yana cikin aljihun riga, da hagu yake rubutu, da jan biro. Sau uku yana dawo mata da babi na biyu, wanda a cikinsa ake kawo abin da masana suka rubuta. Ya ce abin da ta kwaso a waya tarkace ne, ba sunan marubuci, ba shekara. Littattafan ƙasashen waje kuma zancen kuramensu suke yi, ba namu ba. Ya ce a kan koyar da kuramen Hausa da hannu, duk duniya shi kaɗai ya taɓa rubutu, wata 'yar maƙala da ta yi masa suna, kuma madogara ɗaya ba ta ɗaukar babi. Ta kawo ta biyu ran Litinin, ko ta canja batu. Canja batu kuwa shekara guda ce, ajin ya tafi ke nan. Duk wannan kansa a sunkuye ya faɗe shi, sai da sakatariyarsa ta maimaita mata a waje.

Laraba da Alhamis a laburare ta ƙare su. Ta duba na'ura, ba komai. Ta bi mujallun masana daga wannan kantar littattafai zuwa waccan har idanunta suka yi ja. Ran Juma'a da hantsi ta hango wani tsohon akwatin katuttuka an tura shi ƙarƙashin matakala, irin wanda ake neman littafi da shi kafin na'ura ta zo. Ta durƙusa ta yi ta ja. Can ta zaro wani kati da ya yi ruwan ƙasa. Kundi ne a kan batunta sak, wani Haladu Ciroma ya rubuta shi shekara arba'in da suka wuce. A ƙasan katin an rubuta: ɗakin ƙasa, kanta ta tara.

Ta nufi mai kula da wurin, Malam Tanimu. Ta tarar ya yi alwala zai tafi masallaci. Ya kalli katin, ya kalle ta, fuskarsa ta canja. Ya juya bayan katin ya rubuta cewa ba a shiga ɗakin ƙasa ran Juma'a da rana tsaka, kuma ba a shiga mutum ɗaya, ta dawo Litinin. Ta roƙe shi, ta ce Litinin ta yi mata nisa. Ya kaɗa mata hannu kamar mai korar kaza, ya rataye mabuɗi a ƙusa, ya fita.

Laburaren ya watse. Ita kaɗai ta rage, sai mabuɗin nan a ƙusa.

Matakala goma sha bakwai ta ƙirga. Ƙwan lantarki ɗaya ne ke ci a ɗakin, shi ma ja-ja. Sanyi ya ratsa ta, alhali a waje rana na dukan ƙasa. Wari na tashi kamar an kashe garwashi da ruwa. Ƙura ta kwanta a ƙasa lif, ba sawun kowa. Amma kantocin tas suke, kamar yanzu aka goge su. Ba saƙar gizo-gizo ko ɗaya. Gara ba ta taɓa ko takarda ɗaya ba. Ta lura da duk wannan, ta ci gaba.

A kanta ta tara ta sami kundin. Ta buɗe, sai ga zanen hannuwa shafi bayan shafi, kowane da bayanin yadda ake koyar da shi. Ga ruwa, ga uwa, ga gobe, daidai yadda yaranta ke yi. Ƙwalla ta cika mata ido. A tsakiya ta ga an yanke falle huɗu, yankan reza, sumul. Ta tsine wa wanda ya yi a ranta.

Ta ciro waya za ta ɗauki hoto. Fuskar wayar ta yi baƙi ƙirin, ta ƙi tashi. Kundi ba a ba da aronsa, fita da shi kuwa mai gadi zai kama ta a ƙofa. Kwafe shi da hannu sai an kwana uku. A jakarta akwai rezar da take fiƙe wa yara fensir.

Ni dai ban ce ta yi daidai ba. Ita da ta gama tsine wa wani. Ta ce fallen farko kawai za ta yanka, mai ɗauke da suna da shekara da taƙaitaccen bayani, ta nuna wa Dakta. Ta ɗora reza. Ta ja.

"Ajiye."

Ku lura da kyau. Ji ta yi. Da kunnenta. Shekara goma sha tara rabonta da jin ko faɗuwar kwano. Abin da ya fara zuwa mata ba tsoro ba ne, daɗi ne. Tsoron daga baya ya iso.

Ta juya a hankali. Wani dogon tsoho ne tsaye tsakanin kantoci, ya lanƙwasa wuya don kada kansa ya taɓa rufi. Rigarsa launin tsohuwar takarda. Ta kai ido bakinsa, yadda ta saba. Leɓɓan a manne suke kamar an ɗinke su.

"Ku rubuta, ku yar," in ji muryar, bakin bai motsa ba. "Mu tsare. Ku dawo da reza."

Ta sunkuyar da kai. A ƙurar nan sawunta ne kaɗai. Bakin rigarsa bai kai ƙasa ba, kuma ba komai a ƙarƙashinsa.

Ya ce tun da mutane suka kulle ɗakin suka manta da shi, su suka gaje shi. Su ke gogewa, su ke korar gara. Ya ce bil'adama ba su da kunya, ba sa zuwa sai da yunwa, kuma ba wanda ya taɓa ambaton sunan mai kundi in ya fita. Muryar ba ta ɗaga ba, amma cike take fal da ƙiyayya.

"Falle ɗaya, yatsa ɗaya. Haka muke yi. Miƙo."

Kurma in ya firgita, hannunsa ke riga bakinsa. Ba ta san lokacin da ta fara ba shi haƙuri da hannu ba, tana nuna masa yara, goma sha ɗaya, aji, rufewa. Tsohon ya tsaya cak. Idanunsa suka bi yatsunta.

"Sake."

Ta sake. Ya matso, sanyin ya ƙaru. Ya ce shekara arba'in yana kallon hannuwan nan a takarda, bai taɓa ganin sun motsa ba. Ta ga kwaɗayi ƙarara a fuskarsa, ya fi fushin ban tsoro.

"Ba ni su duka goma. In bar miki kunne."

Bai jira amsa ba, ya buɗe mata kunnuwan gaba ɗaya. Ta ji numfashinta. Ta ji awarwaron hannunta na kaɗawa, ashe haka yake ƙara. Ta ji kurciya na kuka a bakin 'yar tagar sama. Can nesa ta ji karatun liman a lasifika, an tayar da salla. Ta tuna Innarta na nan da rai, ta tsufa, kullum bakinta na motsi da addu'a, ita kuwa ta ma manta yadda muryar take. Wallahi ta so ta karɓa. Ta so ƙwarai, kada wani ya ce muku ba ta so ba.

Sai ta hango safiyar Litinin. Yara goma sha ɗaya sun zuba wa hannuwanta ido, hannuwan a kwance kamar itace. Ita tana jin tsuntsaye, su ba mai ce musu komai.

"A'a," ta ce.

Ta ji muryar kanta a karon farko tun tana yarinya. Mummuna ce, a shaƙe, ta fashe da kuka.

Kantocin suka ɗauki rawa. Ƙwan ya dushe. Ya cafki hannunta na hagu, riƙon kamar an tsoma shi a ƙanƙara. Ta ji ƙaramin yatsanta ya lanƙwashe, ya mutu. Ta kama karanta Ayatul Kursiyyu da wannan karkatacciyar muryar. Tana tsakiya sauti ya ɗauke, kamar an kashe rediyo. Ba ta tsaya ba, ta ci gaba cikin shirun da ta saba. Riƙon ya sassauta. Ta fizge, ta yi matakala.

Ta ƙirga goma sha bakwai, ba ƙofa. Ta sake ƙirga goma sha bakwai, ba ƙofa. Ba ta waiwaya ba. A na uku ta faɗa waje, a gaban Malam Tanimu da ya dawo daga masallaci. Bai dubi fuskarta ba, hannun ya duba. Ko sannu bai ce mata ba. Abin da ta karanta a bakinsa kawai shi ne ai ya gaya mata.

Sai da ta isa gida ta ga fallen na dunƙule a hannunta na dama. Ta warware shi, ta juya bayansa, ga shafi na biyu. Ta sake juyawa, maimakon na farko sai ga na uku. Ta juya, na huɗu. Falle ɗaya tak, amma kundin duka na cikinsa. Ko kyauta ce, ko mantuwa ce tasu, ba wanda ya sani. Asabar da Lahadi ta yi su tana kwafewa. Da ta kai tsakiya, falle huɗu suka zo fari fat. Ta ɗauko maƙalar Dakta Mamuda ta ajiye a gurbin, sai zancen ya haɗu, jimlar da ta yanke a kundi ita ta ci gaba a maƙalar.

Ran Litinin ta ajiye masa babin a tebur. A jerin madogara ta sa sunan Haladu Ciroma a sama, da shekararsa. Dakta ya ɗauki jan biro, ya karanta sunan, biron ya tsaya. A karon farko ya ɗago ya dube ta sosai, yadda za ta ga bakinsa.

"Falle nawa?"

Ta ɗaga masa hannun hagu. Ya daɗe yana kallon yatsan. Sannan ya zaro nasa na dama daga aljihu. Huɗu sun ƙanƙance kamar busasshiyar kuɓewa, babban yatsa kaɗai ke motsi. Ya mayar da shi, ya sa hannu a takardarta da hagu, ya ce ta fita, kada ya sake ganinta. Ba ta yi masa godiya ba.

Ranar da ta miƙa kundinta ta nemi fallen ta rasa. Ajin dai ba a rufe shi ba, hedimasta ya haɗiye takaicinsa. Bayan shekara biyu Innarta ta rasu, Barira na zaune a kanta tana kallon bakinta har ya daina motsi. Ba ta ji kalma ɗaya ba. An ce ranar ta yi kukan da ya fi na kowa.

Yatsan bai warke ba. Su kuwa yara, abin da suka gani a hannun malamarsu shi suka ɗauka, ba su san ciwo ba ne. Har yau in kun haɗu da kurma a garin nan yana magana, ƙaramin yatsansa na hagu a lanƙwashe, lafiyar yatsan ƙalau. Ɗalibin Barira ne, ko ɗalibin ɗalibinta.

To, Nafi, kin ji. In kin je, kada ki sauka ɗakin ƙasa ke kaɗai, balle ran Juma'a da rana tsaka. Abin da kika ɗauka a littafin wani, ki faɗi sunansa. Reza kuwa, ki bar ta a gida. Ku tashi haka nan, kowa ya ƙirga yatsunsa kafin ya kwanta.