Tun Tana Shekara Uku

Sau goma sha ɗaya Auta ta kai zare bakin allura, sau goma sha ɗaya yana kaucewa! Yayarta na tsaye a ƙofar shagon ɗinkin littattafai tana kallo, hawaye na neman ƙwace mata. Hannun nan da a da yake ɗinke littafi guda kafin shayi ya huce, shi ne yau yake rawa kamar ganye, ga miyau na zubowa ta gefen bakinta a kan takardun mutane... Mai shago ya cire tabarau ya goge ido.

"'Yata, kai ta gida ta huta," ya ce da Yaya. "Kujerarta na nan, ba mai hawa. Amma wallahi maganin nan ba ya sonta."

Yaya ta fi kowa sanin inda maganin ya samo asali. Daga bakinta ya fito.

Auta shekararta ashirin da ɗaya, kuma tun tana ƙarama haka Allah ya yi ta: ba ta kallon mutum cikin ido, tana toshe kunne in mota ta yi oda, tana jera murafun kwalba launi-launi, in ta ji magana ta maimaita ta tiryan-tiryan. Umma kan yi dariya ta ce, "Rediyona kenan." Da Umma ta rasu wata bakwai da suka wuce, sai Auta ta riƙa zama a ɗakinta tana faɗin maganganun marigayiyar da irin muryarta: "Auta, sa takalmi. Auta, sha ruwa." A nan ne Gwaggo, ƙanwar mahaifinsu da ta tare a gidan wai don riƙon marayu, ta dafe ƙirji ta ce yarinya ta zautu, da matattu take hira! Alhali idonta a kan ɗakin yake, ɗanta take so ya samu wurin kwana.

Ranar da za su kai Auta asibiti, Gwaggo ta ja Yaya gefe. "Ke, ki buɗe kunne. In kika ce da shi aka haife ta, dangin mai neman aurenki za su ce a jininku yake. Ki ce bana ya fara. Ko so kike ki tsufa a gida kina jera murafu ke ma?"

Layi ya yi tsawo, likita ya gaji. Ya ɗago ya tambaya, "Yaushe abin ya soma?" Yaya ta dubi ƙasa ta ce, "Bayan rasuwar mahaifiyarmu." Shi kenan, ya rubuta sikizofireniya, ciwon nan mai sa mutum jin muryoyin da babu su, ya haɗa su da ƙwayoyi.

Wayyo Auta! Aiki ya gagara, barci ya danne ta har azahar. Gwaggo ta share murafun nan kaf ta zuba a shara, da yarinyar ta fasa ihu tana buga kai a bango, sai ta leƙa waje tana kiran maƙwabta: "Ku zo ku gani da idonku!" Kafin mako ya zagayo ta shawo kan Baffa, yayan mahaifinsu, aka yanke a kai Auta asibitin masu taɓin hankali a bar ta can. Katifar ɗan Gwaggo har ta iso, an jingine ta a bakin ɗakin. Yaya kuwa kullum a kan sallaya take kuka tana cewa, "Ya Allah, ni na yi, kar ka kama ta da laifina..." amma in gari ya waye sai bakin ya ƙi buɗuwa.

Sai dai a can suka tarar da wata likita daban, ta ce ba za ta ba da gado ba sai an yi gwajin halayya. Aka tura su wurin Malama mai gwaji, wata mace mai sanyin murya, a ɗaki mai tebur ɗaya da akwatin katako. Kwana biyu suna zuwa. Ta ba Auta 'yan katakai ta haɗa zane, duk da rawar hannu ta haɗa su daidai. Ta nuna mata hotunan fuskoki ta ce wa ke fushi, wa ke murna, sai Auta ta ce, "Wannan maɓallin rigarsa ya ɓace."

Malama ta tambaye ta, "Idan kina faɗin maganganun Umma, ita ce take yi miki magana?"

"A'a. Umma ta mutu ranar Talata. Ni ce nake faɗa."

"Don me?"

"Don kar in manta yadda take faɗa."

Yaya ta cusa mayafi a baki don kar kukanta ya fito.

A rana ta uku Malama ta tara su har da Baffa. "Abin da na gani ya fi kama da otizim," ta ce, "wato halitta ce da ake tasowa da ita, ba ciwon da ke faɗo wa mutum da girmansa ba. Amma gwaji rabin magana ne, sauran rabin yana wurinku. Takarda ta ce bana ya fara. Yaya take tana shekara uku?"

"Garau!" Gwaggo ta yi caraf. "Ni na goya ta, Malama, har waƙa take yi."

Malama ta juya. "Ke fa, yayarta?"

Yaya ta ji duniya ta yi mata ƙunci. Ta tuna aurenta, ta dubi hannun ƙanwarta da ke karkarwa a kan cinya... sai ta zube a ƙasa.

"Ƙarya na yi! Wallahi ƙarya na yi! Tun tana shekara uku take haka, sai da ta kai huɗu ta yi magana. Gwaggo ce ta ce in ɓoye, ni kuma na zaɓi kaina a kan 'yar'uwata!" Ta zaro takardun firamare da ta kwana biyu tana yawo da su a jaka. A jikin takardar aji ɗaya malamin Auta ya rubuta: ba ta wasa da yara, tana maimaita duk abin da na faɗa.

Baffa ya karanta, ya ninke, ya dubi ƙanwarsa. "Ke kika goya ta? Ke da ba ki taka gidan ba sai ranar zaman makoki? Ashe ramin ƙarya ƙurarre ne. Yau ɗin nan ki kwashe kayanki, katifar ma ki ɗora a ka."

Haka aka yi, maƙwabtan da ta kira kallo su suka tsaya suna kallon fitarta. Da Yaya ta gaya wa mai neman aurenta komai, sai ya ce, "Autar da ta ɗinke min ƙamus? Ai na san ta kafin in san ki."

Likita ta riƙa rage maganin sannu a hankali. Bayan wata biyu Yaya ta raka Auta shago. Zare ya shiga a karo na farko! Mai shago ya ɗaga hannu yana hamdala. Yaya ta durƙusa gefen kujerar.

"Auta, ki yafe min..."

Auta ba ta dube ta ba, idonta na kan ɗinki. "Kin faɗi ba daidai ba a wurin likita. Na gaya miki a mota, ba ki ji ba."

"Na ji, Auta. Na ji, na yi shiru."

Auta ta laluba aljihu, ta ciro murfin kwalba ja, guda ɗaya tak da ya tsira daga tsintsiyar Gwaggo, ta ajiye a tafin hannun yayarta. Sannan da muryar Umma sak ta ce:

"Share hawayenki, ya wuce. Tashi ki sha ruwa."