Kaset Bakwai na Bobe Hinda

Ranar wata Talata da la'asar Tsirel ta shiga shagon gyaran kaset da ke bayan tashar jirgin ƙasa ta Antwerp, rungume da kwalin takalmi. Malamar ƙananan yara ce, kuma waƙoƙi shida kacal na Yiddish, harshen Yahudawan unguwarsu, take ta juya musu tun farkon shekara. A cikin kwalin akwai kaset bakwai na marigayiya kakarta, Bobe Hinda, na waƙoƙin da take rera wa jikoki a kicin. Zaren biyu ya tsinke, sauran sun yi fumfuna.

Saurayin da ke tsaron shagon, Leibush, ya ɗaga ɗaya ya duba a haske. Sau ɗaya ya kalle ta, kunnuwansa suka yi ja.

"Muryar wa ke ciki?"

"Ta kakata. A na bakwai da tawa, na taya ta shekarar da ta rasu."

"To ba zan saurara ba," ya ce a hankali, domin a unguwarsu mai kiyaye addini ba ya jin waƙar macen da ba ta gidansa ba. "Amma zan gyara."

"Da hanci za ka gyara?"

Ya yi murmushi yana kallon tebur. "Da ido. Kunne kuma zan aro na Mame, mahaifiyata."

Bayan kwana shida saƙo ya shigo wayarta: "Malama Tsirel, na ɗaya ya fito. Mame ta samu waƙar agwagwa mai takalmi ɗaya, tana ta rerawa har miyarmu ta kama."

Ta amsa: "A ba Mame haƙuri. Gobe yara ashirin da biyu za su koye ta."

Da farko zancen kaset ne kawai. Kafin a kai na biyar, ta fara duba wayar tun ba ta yi ƙara ba. Sai mahaifiyar Leibush, Bluma, ta tura mai haɗa aure gidan su Tsirel.

Mahaifin Tsirel, Reb Getsel, mai gyaran lu'ulu'u, ya ce a'a. Akwai ɗan wani dillalin lu'ulu'u da ya daɗe yana jiranta. Kuma an gaya masa yaron nan wuni yake da waƙar mata a kunne.

"Har da muryarki, Tsirele. A bakin mutane na ji."

"Tate, ko ɗaya bai ji ba."

"Ya gyara abin da bai ji ba? To ni ma gobe ido a rufe zan yi aiki."

Hawaye suka ciko mata, amma ta shanye. "Mu je tare ka gani. Kada ka sanar da zuwanmu."

Washegari suka tura ƙofar shagon. Leibush na zaune gaban kwamfuta, an zare wayar lasifika an rataye a ƙusa, yana bin zanen sauti a allo da yatsa. A gefensa Bluma ce da abin saurare a kai, tana saƙa.

"Tsaya nan, Leibele," ta ce da ƙarfi irin na wanda kunnensa ke toshe. "Akwai ƙara kamar ana soya albasa."

Ya yi alama a wurin, ya share. Sai a lokacin suka ga baƙin. Leibush ya miƙe har kujera ta faɗi.

Bluma ta cire abin sauraren ta miƙa. "Reb Getsel, mahaifiyarka ce. Kai ai ya halatta ka ji."

Ya zauna, ya sa abin sauraren a kunne. Shekara shida rabonsa da wannan murya. Tsirel tana kallo leɓensa ya fara motsi, gemunsa ya jiƙe.

"Yanzu za ta yi tari," ya ce, ba da kowa ba. Can sai ya gyaɗa kai.

"Na ga tarin a allo," in ji Leibush. "Ban goge shi ba. Na ce wataƙila akwai mai son sa."

A hanyar gida, da suka wuce gidan burodi, Tsirel ta dubi uban.

"Tate, ɗan dillalin nan fa?"

"Shi da goge tarin zai yi." Ya fyace hanci. "Ki ce wa mamarki ta nemo farantin da za a fasa na baiko."

Da bazara aka ɗaura auren a ƙarƙashin rumfar aure, a tsakar gidan majami'ar Yahudawa. Leibush ya taka kofin gilashi ya fasa bisa al'ada, jama'a suka ɗauki "Mazal tov", wato barka da arziki, 'yan ajinta na tsalle a bayan iyayensu.

Aka kai ango da amarya ƙaramin ɗakin da za su buɗe baki, domin da azumi suka wuni. Ya tura mata kwanon romon kaza.

"Tsirele, wata biyar ina kallon muryarki a allo. Na san inda take hawa, na san inda take sauka. Yaya take?"

"Ajiye cokalin tukuna, Leibele."

Ya ajiye. Ta fara rera waƙa ƙasa-ƙasa, har muryar ta daidaita. Romon ya huce ba wanda ya taɓa.

Allah ya albarkaci gidansu, ya cika shi da yaran da za a rera wa.