Tabawa Ta Ƙi Rushe Ɗakinta

A can wani gari, an yi wata makaranta mai kwamfuta guda ɗaya tak. Ɗalibai na rubuta manhajoji a cikinta, kuma duk wanda ya sauke kayan aikin da manhajarsa ke buƙata, sai ya zuba su wuri ɗaya da na kowa.

Wata yarinya, Tabawa, tana rubuta manhajar da za ta riƙa gaya wa masu lambu ranar ban ruwa. Ita kam sai ta keɓe wa aikinta ɗaki a cikin kwamfutar, ta zuba kayanta a ciki su kaɗai.

Babban ɗalibinsu, Ɗanlami, ya ce, "Ke, rushe ɗakin nan. Kin fi mu ne?"

Ta ce, "Yaya, ban fi kowa ba, amma ba zan rushe ba."

Suka yi mata dariya, ta ce ba za ta rushe ba. Suka daina kula ta, ta ce ba za ta rushe ba.

Ranar da masu lambu suka zo ganin aikin, Ɗanlami ya sauke sabon samfurin wani kayan aiki, ya danne tsohon da manhajojin sauran ɗalibai ke aiki da shi. Nan take manhajoji goma sha ɗaya suka ƙi tashi. Ta Tabawa kuwa ta tashi lafiya lau, ta ce a ba albasa ruwa ran Talata.

Ɗanlami ya juyo wurinta. Ya ce, "To, bari mu zuba namu a ɗakinki."

Ta ce, "A'a, Yaya. Jawo kujera in nuna maka yadda za ka gina naka."