Ranar da Barira Ba Ta Zo Gaisuwa Ba

"Hajjo ta wuni tana jiranki, Barira! Tun daga Zariya mahaifiyata ta taso don ta ga wadda zan aura..."

Musbahu ne tsaye a ƙofar asibiti, ransa a ɓace. Barira ta dube shi, farar rigarta ta nas duk ta yi dabbare-dabbare.

"Tifar leburori ce ta kife a hanyar Gwagwalada. Babu wanda zan bar wa su."

"Kullum da abin da ya kife!"

Ba ta musa ba. Shekarar ce gwamnati ta baro Legas ta tare a Abuja. Ma'aikata da magina suka yi ta kwararowa, shi kansa Musbahu haka ma'aikatarsu ta kwaso shi, amma asibitin bai ƙaru da gado ko nas ba.

"Hajjo ta ce ko aikin ko ni," ya faɗa a sanyaye. "Rabin raina, ki ce wani abu mana..."

"Me zan ce? Ɗazu wani ya cika a hannuna. Na rufe masa ido, na wanke hannu, na ci shinkafata. Ban ji komai ba, Musbahu. Yanzu ma da kake zancen rabuwa... ban ji komai ba."

Ya juya ya tafi.

Washegari Lydia, abokiyar aikinta 'yar Paikon Kore, wadda Hausa ba ta zauna mata sosai ba, ta same ta tana zuƙo allura a gajiye.

"Barira, ajiye! Kana so ka kashe kanka? Je ka, wani tsohuwa yana jiranka a waje."

Hajjo ce zaune a benci cikin majinyata. Barira ta durƙusa har ƙasa.

"Inna, ki gafarce ni..."

"Tashi. Ba zan ɓoye miki ba, zuwa na yi in raba ki da ɗana. Tun hantsi nake kallonki kina kai da kawo, ko ruwa ban ga kin kurɓa ba." Ta kama hannun Barira ta riƙe. "Ya faɗa mini abin da kika ce. Shekarar da ƙyanda ta ɗauke mini yayyensa haka na koma, ina tuƙa tuwo ina raba wa mutane kamar gunki. Ba taurin zuciya ba ne, 'yar nan. Gajiya ce."

"To yaya zan yi, Inna? In na tafi, wa zai..."

"Da ba a haife ki ba fa, rufe asibitin za a yi? Nemi hutu ki biyo ni Zariya. In kin dawo hayyacinki, ki zaɓa da kanki."

Shugabar nas-nas ta yi faɗa har ta gaji, amma Lydia ta ce ita za ta riƙe mata ɗakin majinyatan. A Zariya Barira ta yi barci, ta ci tuwon Hajjo, suka yi hirar da ba ta taɓa yi da kowa ba.

Bayan ƙaramar salla aka ɗaura aurenta da Musbahu. Ranar kai amarya wata gwaggon ango ta karkace baki.

"Ai dai yanzu za a ajiye aikin asibitin nan ko?"

"Ga ta nan, ku tambaye ta," in ji Hajjo. "Ni dai ɗiya na samu."

Daga cikin lulluɓi muryar Barira ta fito, ƙasa-ƙasa amma ba rawa.

"Zan koma, Gwaggo. Amma sai na gama cin amarcina."