Shafi na Bakwai a Mujallar Malam Bahago

Ku yi mini afuwa tukuna. Ban taɓa rubuta labari ba, ni dai mai karanta na wasu ce. A unguwarmu abin ya faru, cikin Birnin Zariya, a shekarar 1991. Abin da ban gani ba a bakin manya na ji, inda na rasa kuma na cike da kaina. In kun ga kuskure ku ɗauka na ƙuruciya ne.

Ranar Juma'a, ana saukowa daga masallaci, aka kai rahoto caji ofis cewa an tarar da Malam Bahago a zaurensa babu rai.

Sufeto Jibril aka ba aikin. Mota ba ta shiga lungun, don haka a bakin titi ya bar ta ya ƙarasa da ƙafa.

Malam Bahago tsohon ma'aikacin ƙaramar hukuma ne da ya yi ritaya. A Kongo, reshen jami'a da ke nan Zariya, ya yi karatun harkar mulki, ya gama a 1969, kuma tun daga nan ya ɗora wa kansa wani aiki. Kowace shekara sai ya bi 'yan ajinsu da wasiƙa, ya tattara amsoshinsu, ya fitar da 'yar mujalla mai shafi goma sha biyu. Wane ya zama darakta, wance ta aurar da 'ya, wane ya rasu.

Yana kwance kusa da dakali, ƙeyarsa a fashe. Tafuretarsa na kan tabarma, gefenta kuma takardun sitensil, irin masu kakin nan da ake bugawa kafin a kai inji a gurza.

Sufeto ya tsuguna ya ƙirga su. Ɗaya zuwa shida, takwas zuwa sha biyu. Babu na bakwai.

Matar mamacin, Sailuba, ta tsaya a bayan labulen ƙofar cikin gida.

"Me ya hana Malam zuwa masallaci?"

"Ƙafarsa ce ta kumbura tun jiya, Yallaɓai."

"Wa ya zo wurinsa yau?"

"Da hantsi na ji muryar Jalo. Ɗan ajinsu ne. Sun ɗaga murya."

"A kan me?"

"A kan mujallar nan mana. Sau nawa ina ce masa, Malam, ka bar mutane da asirinsu."

"Bayan Jalo fa?"

"Na shiga daka. Ko bindiga aka harba ba zan ji ba."

Sufeto ya ɗauki mujallar bara ya nemi sunan Jalo. An rubuta cewa shugaban wani kamfanin shigo da kaya ne, yau yana Legas gobe yana Landan.

A kasuwar hatsi ya same shi bayan la'asar, yana auna masara da mudu a rumfar wani. Wuyan rigarsa ya sha faci.

"Malam Jalo, yaushe rabonka da Bahago?"

"An yi wata."

"Matarsa ta ji muryarka yau."

"Mata ai sun sha jin abin da babu."

"To ina kamfanin naka yake? In je in gaida ma'aikata."

Jalo ya ajiye mudun. 

"A 1984 aka sallame ni daga aiki," ya ce. "Rana ɗaya, a rediyo na ji sunana. Shekara bakwai ina rubuta wa Bahago ƙarya yana bugawa. Bana ya ce ya gaji, wai zai rubuta cewa ina sana'ar hatsi. Na je in roƙe shi. Mutanen da nake kayarwa a jarrabawa za su karanta, Sufeto!"

"Sai ka tura shi."

"Wallahi yana raye na bar shi. Har ce mini ya yi in kwantar da hankalina, bana ba wanda zai kula da nawa labarin."

"Me yake nufi?"

"Ban tsaya tambaya ba."

Aka tafi da Jalo aka rufe. Shugaban caji ofis ya ji daɗi. Ga rigima, ga ƙarya, ga mai shaida. Ya ce ranar Litinin a kai shi kotu da laifin kisan kai, kowa kuma ya san hukuncin wannan.

Amma sunan Jalo a shafi na huɗu yake. Shafi na huɗu kuwa yana nan, ba wanda ya taɓa shi.

Ranar Asabar, bayan likita ya saki gawa an yi jana'iza, Sufeto ya koma gidan. Ya yi gaisuwa, ya jira mutane suka ragu.

"Kowane sitensil yana da farar takarda a bayansa, wadda rubutun ke fitowa a kai," ya ce wa Sailuba. "Ina na waɗannan?"

"Yakan ɓare su ya duba kuskure, sai ya ba ni in hura wuta."

"Kin ƙone su duka?"

Ta shiga madafa ta dawo da guda uku, sun yi baƙi da hayaƙi. Ta biyun tana da lamba bakwai a sama.

Kan shafin cewa yake, "Waɗanda suka riga mu gidan gaskiya." Sunaye huɗu ne. Na ƙarshe Mika'ilu Adamu, kuma a ƙasansa Malam Bahago ya buga: "Abokin ɗakina. Ban san ranar ba, ban san wurin ba. Allah Ya yafe mini da ban neme shi ba tun da wuri."

Sufeto ya sake buɗe mujallar bara. Alhaji Mika'ilu Adamu, darakta a wata ma'aikatar tarayya a Legas, 'ya'ya shida, aikin hajji sau biyu, ana sa ran ƙarin girma.

Ya koma ofis ya sa aka buɗe masa Jalo.

"Ka san Mika'ilu Adamu?"

"Wa bai san shi ba? Shi ne na ɗaya a ajinmu."

"Yaushe ka gan shi?"

"Tun ranar da muka karɓi digiri. Bai taɓa zuwa taronmu ba. Wasiƙa dai yake aikowa, a buge da tafureta. Mun ce girman kai ne."

"Ɗan ina ne?"

"Nan cikin birni. Mun sha cin tuwo a gidansu. Shi ne ɗan fari, ka ga kunya a wurin uwarsa! In ya shigo sai ta juya baya. Mu take miƙa wa kwano mu ba shi. Ƙaninsa Ya'u kuwa, da ya zo hutu daga wurin kawunsu a Jos, kamar ta goya shi."

"Ina Ya'un?"

"Ya rasu. Hatsari suka yi su biyu a hanyar Legas, muna gamawa. Can aka binne shi. Daga baya Mika'ilu ya aiko aka ɗauki tsohuwar. Bara na ji sun dawo da ita, ya gyara gidan. Bahago ya ce mini zai je yi masa murna in ya zo."

Da safiyar Lahadi Sufeto ya yi sallama a gidan su Mika'ilu. An shafe tsohon ginin ƙasa da siminti, an yi masa fenti. Direba na ɗaure kaya a wata farar Fijo a bakin lungu.

Alhaji ya fito, ƙaton mutum mai gemu da tabarau. Ya ba da hannu da yatsu biyu.

"Yi sauri, Sufeto. Jirgi zan hau a Kaduna."

"Ranka ya daɗe, ka san Malam Bahago?"

"Ɗan ajinmu. Na ji abin da ya faru. Allah Ya jiƙansa."

"Ya zo nan?"

"Ranar Laraba. Muka gaisa, muka tuna da."

"Ban gan ka a jana'iza ba."

"Ba na jin daɗi."

"Ranar Juma'a, lokacin salla, kana ina?"

"Ina ɗakin mahaifiyata. Na ce maka ba na jin daɗi. Kai, ka san da wa kake magana?"

"Shi nake son in sani, ranka ya daɗe. A yi mini iso in gaida Iya."

Alhaji ya so ya hana, amma tsohuwar ta riga ta jiyo su. Ta fito tsakar gida tana dogara sanda, ƙwaryar fura a ɗaya hannun. Ba ta ko dubi baƙon ba. Ta jingine sandar ta kama hannun rigar Alhaji.

"Kai ɗan nan, haka za ka tafi ciki ba komai? Sha."

Ta ɗaga ludayi har bakinsa. Ta miƙa hannu ta gyara masa zaman hula, ta shafa kumatunsa, ta ce ya rame.

Sufeto Jibril ya tsaya yana kallo. Shi ma ɗan fari ne. Shekararsa arba'in da huɗu, uwarsa ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa haɗa ido da shi ba. In tana son ya ci abinci sai ta ce wa ƙannensa, a kai wa wancan.

Ya durƙusa ya gaishe ta.

"Iya, Alhaji yana wurinki ranar Juma'a?"

"Yana wurina."

"Bai fita ba?"

"Ni tsohuwa ce, ina gyangyaɗi."

"Iya, 'ya'yanki nawa?"

"Biyu Allah Ya ba ni. Ya karɓi ɗaya."

"Allah Ya jiƙansa. Mene ne sunansa, in sa shi a addu'a?"



"Ya'u ne," Alhaji ya ce da sauri.

"Iya nake tambaya, ranka ya daɗe."

Tsohuwar ta dubi Alhaji.  Ba za ta iya kiran sunan ɗanta da ke tsaye da ransa ta ce ya mutu ba. Ɗaya sunan kuwa bai taɓa fita daga bakinta ba.

"Ba na faɗa," ta ce.

"Sunan ɗan fari ne ba a faɗa, Iya."

 Sufeto ya zaro baƙar takardar daga aljihu ya miƙa wa Alhaji.

"Ka ɗauke sitensil ɗin, ka manta da bayansa. Akwai mutum a kulle da za a rataye saboda wannan shafin. Ko ka yi magana nan, ko in ɗauki Iya mu tafi ofis ta ba da bayani a rubuce. Zan kawo wanda ya sha cin tuwonta ya tsaya a gabanta."

"Kada ka taɓa ta."

"To wane ne kai?"

Ya cire tabarau. Ya zauna a kan turmi da babbar rigarsa.

"Ya'u ne."

Ya yi maganar a hankali, yana kallon ƙasa. Ya raka yayansa ne zuwa Legas, inda yayan zai kama aiki. Mota ta kife da su bayan Jeba. Mutanen ƙauyen suka binne Yaya kafin magariba. Aka miƙa wa Ya'u jakarsa, a ciki ga digiri, ga takardar ɗaukar aiki. Shi a aji uku na sakandare ya tsaya, kuma suna kama.

"Na ce wata shida zan yi, in tara abin da zan riƙe Iya. Na aiko gida cewa Ya'u ne ya mutu. Kuma na iya aikin, Sufeto. Je ka tambaya. Shekara ashirin da biyu ba a taɓa dawo mini da fayil ba."

"Bahago fa?"

"Ranar Laraba ya shigo da murnarsa. Ya kalle ni sau ɗaya, ya ce ina Mika'ilu. Ranar Juma'a na je, lokacin da lungu ba kowa. Na durƙusa masa. Na ce ya tuna 'ya'yana. Ya ce shi bai ambace ni ba, abokinsa kawai yake so a yi wa addu'a. Na kai hannu kan takardar, ya riƙe. Na fizga. Ƙafarsa ba ta da ƙarfi."

"Yana numfashi ka fita?"



"Yana numfashi."

Sufeto ya sa masa ankwa, ya rufa masa hannun riga a kai. Ya aiki direban Fijon zuwa caji ofis da takarda cewa a dakatar da batun Jalo.

Kafin su kai zaure labari ya zaga unguwa. Mata sun cika soro, ni ma ina cikinsu, a maƙale bayan ƙyaure. Daga nan da idona na gani.

Iya ba ta yi kuka ba. Ta biyo su da sandarta har bakin zaure, ta kama gefen kakin Sufeto.

"Ɗan sanda."

"Na'am, Iya."

"Shekara ashirin da biyu duk sadakar da aka yi, da sunan wannan aka yi ta. Wancan yana can bakin hanya, ko fatiha ɗaya bai samu da nasa sunan ba. Ka biya wurin liman. Ka ce a yi masa yau."

"Da wane suna zan ce, Iya?"

Ta juya masa baya.

"Ai ka sani," ta ce.

Aka fita da Ya'u. Ita kuma ta koma tsakar gida ta shimfiɗa tabarma ta zauna, irin zaman da ake yi na karɓar gaisuwa. Mata suka fara cire takalma suna shiga ɗaya bayan ɗaya.

Ni ban san me ake cewa a irin wannan gaisuwar ba. Na ja mayafina na bi ta gefen katanga na fice, ba wanda ya waiwayo.